Gas na ado, kurfoti na aiki: A daina sayen murhu don araha

A gidaje da dama na Janfalan da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, da wuya a yi jeren amarya yanzu ba a ga tukunyar gas a cikin kaya ba. Masu hali har murhun gas mai kai huɗu suke saya, a girke shi a kicin, 'yan ganin ɗaki su yaba.

Bayan wata biyu ko uku gas ɗin biki ya ƙare. Sai a lulluɓe murhun da ƙyalle, girki ya koma tsakar gida a kan kurfoti ko duwatsu uku. Abin da aka kashe wa kuɗi mai yawa ya zama ado, wanda aka saya a gurguje da canjin cefane shi ne ke ciyar da gida safe da dare.

Komawa ga murhun iyaye da kakanni ba abin kunya ba ne. Abin da ya kamata a gyara shi ne yadda ake sayensa. Tunda shi ke yin aikin, shi ya cancanci a tsaya a zaɓa, a kuma kashe masa kuɗi.

Abin da ya dawo da shi

Tsada ce ta dawo da tsohon murhu. A ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 bai wuce kimanin naira 4,000 ba a 2020. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura naira 16,000. Faɗuwar darajar naira da tsadar sufuri bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sun taimaka wajen hakan.

Risho, wanda a da shi ne mafakar talaka, ya riga gas ficewa daga gidaje. An cire tallafin kananzir tun 2016, kuma a ƙarshen 2024 lita ɗaya ta wuce naira 2,000. Gidan da ke tuƙa tuwon mutum goma kullum ba zai iya wannan ba.

Ba yau aka fara irin wannan komawa ba. A shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ƙarancin kananzir ya sa mutane suka rungumi murhun gawayi da na ɗusar katako, har sunan Abacha ya bi murhun. Darasin wancan lokaci shi ne duk sa'ad da makamashin saye ya gagara, gida na komawa ga abin da maƙerin unguwa zai iya ƙerawa.

Akwai kuma dalilin da bai shafi kuɗi ba. Tuwon masara na babban gida yana son babbar tukunya, wuta mai ƙarfi da mazauni mai ƙwari, wanda ba zai motsa ba idan muciya ta fara aiki. Ƙaramar tukunyar gas mai kai a samanta ba a yi ta don wannan ba. Matan da ke cewa murhun gargajiya ya fi musu sauƙin tuƙi gaskiya suke faɗa.

Kuɗin murhu daban, cinsa daban

Magidanci kan tsaya gaban mai sayar da kurfoti ya tambayi wanda ya fi araha. Galibi shi ne na siririn langa-langa, marar yumɓu a ciki, marar ƙofar iska. Irin wannan yana zubar da zafi ta kowane gefe, yana cinye gawayi, kuma kafin a je ko'ina gindinsa ya ɓule. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wurin murhu, araha ba ta ma tattali.

Kurfoti sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, gawayi kuwa kullum ne. Idan murhu mai kyau ya rage kashi ɗaya cikin uku na gawayin da ake ƙonawa, gidan da ke sayen buhu uku zai koma sayen biyu. Cikin 'yan watanni rarar ta biya bambancin farashin, sauran kuma riba ce.

Murhun duwatsu uku ya fi kowanne ɓarna. Masu bincike kan makamashi sun daɗe da nuna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne kawai ke shiga tukunya, sauran iska ke kwashewa. Kewaye murhun da ginin laka, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage wannan asara ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kenya ta bi wannan hanya tun farkon shekarun 1980. Ba a jefar da kurfotin da mutane suka saba da shi ba. An dai sa masa kwanon yumɓu a ciki mai riƙe zafi, aka koya wa maƙera da magina tukwane yin sa. Murhun, wanda suke kira jiko, ya bazu a gidajen ƙasar har ya tsallaka maƙwabta.

Wanda ke biya da huhunsa

Akwai wani kuɗin da ba ya fita daga aljihun maigida. Matar da ke durƙushe gaban wuta da jariri a baya ita ke biyansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon nimoniya a yara, tari mai naci, ciwon zuciya da yanar ido duk suna cikin abin da hayaƙin ke jawowa.

Gawayi yana da yaudara, domin ba ya hayaƙi kamar itace. Amma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma ba a ganinta. A lokacin hunturu, sa'ad da sanyi ke tsananta a wannan yanki, wasu kan shiga da kurfoti ɗaki su rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Ciwon kai da jiri su ne gargaɗin farko, mai barci kuwa ba ya jin gargaɗi. Kurfoti mai wuta ba ya kwana a ɗaki, komai sanyi.

Haka nan ɗabi'ar hura gawayi da leda ko tsohuwar roba. Hayaƙinsu guba ne, kuma fuskar mai fifita ce ke fara karɓarsa. Busasshen kara, totuwar masara ko tuƙar rake sun isa kunna wuta, kuma akwai yalwarsu a ƙasar Makarfi da Kudan. Masu dafa mazarƙwaila sun daɗe da sanin amfanin busasshiyar tuƙa.

Mai risho ma yana da nasa ka'idojin. Harshen wuta shuɗi ake so. Idan ya koma ja yana baƙanta tukunya, lagwani na bukatar gyara. Ba a ƙara kananzir wuta na ci, kuma ba a ajiye shi a robar lemo inda yaro zai ɗauka ya kurɓa.

Abin dubawa kafin a biya

Mai saye ya ɗaga murhun ya ji nauyinsa, domin ƙarfe mai kauri shi ke jure wuta. Ya duba ko akwai kwanon yumɓu ko siminti a ciki, ba tare da tsagewa ba. Ya duba ƙofar iska ta ƙasa, ko tana buɗuwa tana rufuwa, domin da ita ake rage wuta idan miya ta tafasa. Ramukan da toka ke zuba su kasance ƙanana, kada garwashi ya riƙa bi ta ciki.

Mafi muhimmanci, a gwada shi da irin tukunyar gidan. Ta zauna daram, kusa da garwashi, ba ta karkata ba. Wannan ne ya sa bai dace maigida ya yanke shawara shi kaɗai ba. Wadda za ta tsaya gaban wutar ita ta san tukunyarta, ita ya kamata a tambaya, ko a kai mata ta gani kafin a gama ciniki.

Ga masu amfani da itace akwai murahu na zamani irin su Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yi shekaru tana yaɗawa tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus, kuma yanzu ana ƙera shi a Kano. Da ƙananan ƙirare yake aiki, sunansa ma daga rage cin itace da kashi 80 ya samo asali. Ya fi kurfoti tsada nesa ba kusa ba, amma iyayen da suka iya sayen murhun gas mai kai huɗu za su iya duba irinsa.

Masu cewa gas ne mafita

Wasu za su ce gyara kurfoti ɓata lokaci ne, gas ne ya kamata kowa ya koma. Ta fuskar lafiya suna da hujja, domin babu murhun gawayi ko na itace da ya kai gas tsabta. Suna kuma da hujja ta fuskar daji. Kafin a samu kilo ɗaya na gawayi a irin ƙonawar gargajiya sai an ƙona kilo biyar ko fiye na itace, kuma masu gawayi itatuwa masu tauri suke nema, irin su ƙirya, marke da kaɗanya. Kaɗanyar da ta zama gawayi ba za ta sake ba da man kaɗe ba.

Sai dai hujjar tasu tana ƙara nuna bukatar murhu mai tattali ne. Gidan da ba zai iya cika gas a wannan wata ba, dole ya dafa abinci yau. Idan ya dafa da rabin gawayi, daji ya samu sauƙi, huhu ma ya samu. Dabarar da mata da yawa suka gano da kansu ita ce ta fi dacewa da halin da ake ciki: gas don shayin safe da ɗumame, gawayi ko itace don tuwo da wake.

Jiran gwamnati kuwa an gwada. A watan Nuwamban 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murahu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama, mafi yawan murahun ba su kai ga matan ba. A watan Maris na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsabtataccen girki, amma manufa a takarda ba ta hura wuta a Janfalan.

Abin da ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan za su iya yi bai kai wancan tsada ba. Akwai maƙera da masu walda a kasuwanninsu, akwai magina tukwane a ƙauyuka. A haɗa su, a koya musu awo da irin yumɓun da ke jure wuta, murhu mai inganci zai samu a kusa, kuma idan kwanonsa ya fashe akwai mai gyara. Ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa saka maganar hayaƙi cikin bayanin da suke yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi.

Iyayen amarya kuwa ba sai sun jira kowa ba. A lissafin kayan kicin, a sa murhun da za a yi girki da shi kullum a sahun gaba, a zaɓi mai kauri, mai yumɓu, mai ƙofar iska. 'Yan ganin ɗaki kwana ɗaya suke yi su watse, amarya kuwa shekaru za ta yi tana shaƙar abin da murhun ke fitarwa.