Oga ya tafi hutu, sauro ya gaji wurin ninkayarsa

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da manyan kotuna ke hutun shekara, gidaje da dama a Maitama da Asokoro da Guzape sukan yi tsit. Masu su na Landan ko Dubai ko Makka. Kafin tafiya an rufe motoci da tamfol, an kashe na'urorin sanyaya ɗaki, an bar wa mai gadi kuɗin abinci. Abin da aka fi mantawa shi ne kwamin ninkaya da ke cikin harabar gidan, alhali a cikin kayan gidan gaba ɗaya shi ne wanda ba ya jiran dawowar kowa.

Ruwan kwami yana zama garau ne da abu biyu: sinadarin kulorin, da injin da ke juya ruwan yana tace shi. Hasken rana na cinye kulorin cikin ɗan lokaci, ruwan saman Agusta kuma, wanda a Abuja ba ya wasa, yana tsarma abin da ya rage, ya kwaso ganye da ƙasa ya zuba. Idan aka kashe injin don tsimin wuta, wanda tun ƙarin kuɗin lantarki na Afrilun 2024 ga masu rukunin Band A ya zama abu na farko da ake yi, cikin 'yan kwanaki ruwan zai fara kore da gansakuka.

Koren ruwa ba shi ne babbar matsala ba. Sauro na buƙatar kwana bakwai zuwa goma ne kacal a yanayin zafi daga ƙwai zuwa mai fiffike, kuma irin da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa mai kwanciya wanda rana ke bugu. Hutun mako shida ya ishe shi hayayyafa sau da yawa. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun sha nuna cewa sama da kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke. Sauron ba ya sanin katanga ko waya mai lantarki. Wanda zai fara ciza shi ne mai gadi da iyalinsa, sai direba, sai maƙwabta, maigidan kuwa yana can nesa.

Akwai kuma hatsarin da ba a son ambata. Gidan da babu manya yakan zama filin wasan 'ya'yan masu aiki, ruwan da ya yi kore kuwa ba a ganin ƙasansa. Yaro ƙarami na iya nitsewa ba tare da ihu ko fantsama ba.

Wasu kan ce a zubar da ruwan kawai a huta. A damina wannan shawara ce mai tsada: ƙasar da ta sha ruwa na iya tsattsaga kwamin da babu nauyi a cikinsa, kuma ruwan sama zai taru a gindinsa ya zama kududdufi marar magani, wanda ya fi na farkon daɗi ga sauro.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin tikitin jirgi ɗaya ba. A share kwamin a wanke matatarsa kwana ɗaya kafin tafiya, a zuba kulorin mai ƙarfi da yamma, a bar ƙwayoyinsa masu narkewa a hankali cikin robar da ke yawo a kan ruwa. Injin ya yi aiki kimanin awa takwas a rana, don haka a ware kuɗin wuta ko na man janareto da sunansa. Mai kula da kwami ya zo aƙalla sau ɗaya a mako ya auna: kulorin tsakanin 1 da 3 a ma'aunin ppm, tsamin ruwa tsakanin 7.2 da 7.8. A rufe da murfi mai ƙarfi, a sa shinge mai kwaɗo. Tamfol da aka shimfiɗa sakaka yana tara ruwan sama a bayansa, kuma yaro na iya ɗaukarsa abin takawa.

A nan ne hadimai ke da ta cewa, domin su ne ke rubuta jerin abubuwan da za a yi kafin oga ya tashi, su ne kuma za a kira idan ya dawo ya tarar da tafkin kwaɗi. Bai dace a ɗora wa mai gadin da ba a koya masa ba aikin auna sinadari, ba safar hannu, ba kuɗin saye, sannan a zaftare masa albashi don ruwa ya lalace. Kulorin na ƙona fata, kuma haɗa shi da asid na fitar da iska mai guba. Hadimin da ya san aikinsa zai sa sunan mai kula da kwamin da ranakun zuwansa da kuɗinsa a takarda ɗaya da ta biza da masauki, ya kai wa oga ya sa hannu kafin a kama hanyar filin jirgin Nnamdi Azikiwe.