A Gaya Wa Mutane Gaskiya Kafin A Soka Musu Allura

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci kan abin da ya faru a Abuja ranar 22 ga Disamba, 2021, inda hukumar kula da lafiya a matakin farko, NPHCDA, tare da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, suka kwashi allurar rigakafin korona samfurin AstraZeneca sama da miliyan ɗaya zuwa juji, katafila ta bi ta kai, saboda wa'adinta ya ƙare. Bayan ranar na yi ta jin masu sharhi a rediyo suna ɗora laifin a kan talaka, musamman mu na Arewa: wai an kawo mana kyauta har gida mun ƙi karɓa. Ban yarda da wannan hukunci ba.

Kason farko na allurar, kusan miliyan huɗu, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, ta hannun shirin COVAX, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ranar 6 ga watan aka yi wa Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo a gaban kyamara. Ba a je ko'ina ba Indiya, inda ake sarrafa wannan allura a lokacin, ta dakatar da fitar da ita saboda annobar ta taso mata a gida. Hukuma ta umarci jihohi su daina yi wa sababbi da zarar sun cinye rabin kasonsu, don a ajiye wa waɗanda aka yi wa ta farko. Zuwa Yuli ta ƙare ƙarƙaf. Sai a Agusta Amurka ta aiko da Moderna miliyan huɗu, Johnson & Johnson kuma ta fara shigowa ta hannun Tarayyar Afirka. A tsakanin nan, dattawa masu hawan jini da ciwon sukari sun yi ta zarya asibiti ana ce musu babu. Waɗanda aka farfasa a juji kuwa, shugaban NPHCDA na lokacin da kansa, Dakta Faisal Shuaib, ya ce sadaka ce da ƙasashe masu kuɗi suka aiko bayan ta daɗe a rumbunansu, saura 'yan makonni ta lalace, har ya ce Najeriya ta daina karɓar irinta. To ina laifin mutumin ƙauye a nan?

Ko a ranar da akwai ta ma, samunta aiki ne. A lokacin, kwalba ɗaya ta AstraZeneca ta mutum goma ce, kuma in an buɗe ta dole a ƙarar cikin awa shida ko a zubar. Shi ya sa a ƙaramin asibitin unguwarmu ma'aikaciya ta riƙa cewa, “Baba, a ɗan jira a cika goma.” Ni da na yi ritaya zan iya zama a benci har azahar. Mai a-daidaita-sahu da zai kai balas da yamma ba zai iya ba, kuma in ya tashi ya tafi, sai a lissafa shi cikin waɗanda suka ƙi.

Ba na musun cewa akwai masu ƙi da gangan. Akwai, kuma na ji shirmen da aka riƙa yaɗawa a WhatsApp, daga na maganaɗisu da ke manne wa a dantse har na cewa duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Amma tsoron mutanen Kano ba daga waya ya samo asali ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a garin nan. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ba zagi ne ya dawo da mutane ba. An gwada maganin, an kawo wani daga Indonesiya, sarakuna da malamai suka shiga gaba, har a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun abin da allurar ke haifarwa a jiki. Sanarwar da muka riƙa ji ita ce allurar ba ta da illa. Mutum ya je a yi masa da safe, dare ya yi zazzaɓi ya rufe shi, ga ciwon kai, ga rawar sanyi, hannu ya yi nauyi ya kasa ɗagawa. Ba wanda ya gaya masa haka za ta iya faruwa. Washegari zai zauna a majalisa ya ce sun yi ƙarya, saura kaɗan ta kashe ni, kuma duk wanda ya ji shi ba zai je ba. Alhali da an ɗauki minti ɗaya an ce masa, “Malam, wataƙila ka ji zazzaɓi da kasala kwana ɗaya zuwa biyu, jikinka ne ke koyon yaƙi da cutar, ka sha farasitamol da ruwa ka huta,” da shi zai riƙa kwantar wa wasu hankali. Uwar da ke kai jariri awo ta san allurar yara kan kawo zafin jiki, ba ta kuma fasa kai shi, don an gaya mata tun farko. Ni ma na kwana da zazzaɓi bayan ta farko, ta biyu kuwa ban ji komai ba sai tsamin hannu, kuma haka AstraZeneca ta fi yi. Moderna ta fi jijjiga mutum a zagaye na biyu.

Akwai kuma illolin da ba kasafai suke faruwa ba, waɗanda su ma bai kamata a ɓoye ba. A Maris na 2021 Denmak da Jamus da Faransa sun ɗan dakatar da AstraZeneca, a Afrilu kuma hukumar magunguna ta Turai ta ce akwai alaƙa tsakaninta da wani irin daskarewar jini da ke samun mutum ɗaya cikin dubban dubata, amma amfaninta ya rinjayi hatsarinta. Su Moderna da Pfizer an ga suna jawo kumburin tsokar zuciya jefi-jefi, galibi a samari, akasarinsu kuma suna warkewa. Mutanenmu sun ji duk wannan a BBC da Muryar Amurka da DW kafin ma'aikacin lafiya ya buɗe baki. In ka ce musu babu komai, ka zubar da sauran maganarka ke nan. Abin da suke bukata shi ne su san alamar da za ta sa a garzaya asibiti: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka kwanaki bayan allura, gani dishi-dishi, kumburin ƙafa, ciwon ƙirji ko ciki, numfashi sama-sama. Kuma a ƙasa irin tamu, zazzaɓin da ya wuce kwana uku a je a yi gwajin maleriya, kada a zauna ana cewa allura ce. NAFDAC na da manhajar kai rahoto mai suna Med Safety, sai dai ban ga amfaninta ga tsohuwar da wayarta ba ta wuce kira da tocila ba.

Daga 1 ga Disamba, 2021, an ce ma'aikacin gwamnatin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko sakamakon gwaji. Tilas irin wannan kasuwa take buɗe wa masu sayar da kati ba allura.  

Roƙona ga hukuma shi ne ta riƙa sanarwa a rediyo kowane mako, da Hausa, wane asibiti ke da allura, wace iri ce, kuma wace rana. Ku kuma, Malam Edita, ku ware gurbi a jaridarku ku buga waɗannan alamomi, da bakin likita, yadda liman zai iya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Kano.