A Rage Ƙara, A Ji Kotso

Yau ba labarin soyayya na kawo ba, ƙorafi gare ni.

Duk wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni ya san Narambaɗa ba makaɗin hayaniya ba ne. Kotso na magana ƙasa-ƙasa, 'yan amshi na karɓa. Amma yau sai yaro ya sa shi a waya, ya ƙure murya, kotson ya koma kamar ana dukan gwangwani. Wallahi abin na ci mini rai.

Kaset-kaset ɗin da Baba ya bari a Tozai na kwaso, wasu har zarensu ya fara lalacewa. Da na juye su a tsohuwar kwamfutata, sai ita ma ta zame mini matsala: fanka na huci, faifan ajiya na ƙara, in an tada janareto lasifika ta yi ta gunji. Na musanya faifan da SSD, wanda ba abin da ke juyawa cikinsa, na kakkaɓe ƙurar fanka, na sayi ɗan akwatin sauti na USB, na koma batirin sola. A FLAC na adana waƙoƙin, don MP3 zaftare sauti yake yi.

A ganina, kuɗin da muke zubawa kan manyan lasifikoki, shiru ya kamata mu saya da su. Daren farko Inna ta tsaya bakin ƙofa, ta ce ta jiyo tarin wani ɗan amshi. Shekara 30 tana sauraron kaset ɗin nan, ba ta taɓa jin sa ba.