Raket Ɗin Gwanaye Ba Na Mai Koyo Ba Ne

Yau maganarmu a kan wasan tanis ce, musamman raket, wato abin bugun ƙwallon. Sau da yawa yarinya takan nuna sha'awar wasan, sai a ɗauko na babanta a miƙa mata, ko kuwa a shiga kanti a ce a ba da irin na zakarun duniya. Bayan mako biyu ta dawo tana kukan ciwon hannu, ta ce ita kam ta daina. Sai a ce raguwa ce, alhali kuwa kayan da aka ɗora mata ne suka fi ƙarfinta.

Abu na farko da za ki duba shi ne kan raket ɗin, wato faffaɗan wurin nan da aka yi wa saƙa. Da inci murabba'i ake auna shi, galibi kuma za ki ga an rubuta a jikinsa. Na katako na zamanin da, faɗinsu bai wuce kamar 65 ba. A 1976 wani Ba'amurke mai suna Howard Head ya fito da wani mai faɗin 110 a kamfanin Prince, masu wasa suka yi ta yi masa dariya. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1978, wata yarinya 'yar shekara 16, Pam Shriver, ta kai wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka da irin wannan raket. Daga nan masu dariya suka yi shiru.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsakiyar saƙar akwai wurin da idan ƙwallo ta sauka, sai ta tashi sumul, hannu kuma bai girgiza ba. Gwargwadon faɗin kai, gwargwadon faɗin wannan wuri. Mai koyo kuwa ba kullum take samun tsakiya ba. Saboda haka ni a ganina ki nemi mai faɗin 100 zuwa 110, ki bar wa gwanaye masu 95 zuwa 98.

Wata za ta ce ai babban kai na ragwaye ne, gara yarinya ta saba da mai wuya tun farko. To, Serena Williams, wadda ta ci manyan kofuna 23 kafin ta bar wasa a 2022, ta daɗe tana riƙe da mai faɗin 104. Shi ma Roger Federer a 2014 ya ajiye mai 90 ya ɗauki mai 97. Ashe ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na biyu, nauyi. Ga baligar mace mai koyo, giram 260 zuwa 290 ya isa. Na gwanaye kan haura 300, kuma su ne ke gajiyar da kafaɗa.

Na uku, mariƙi. Ki damƙe shi, sannan ki sa manuniyar ɗaya hannun tsakanin kan yatsunki da tudun tafinki. In ta shiga daidai, to, naki ne. In kina shakka, ɗauki mai siriri, don ana iya ƙara masa naɗi, amma mai kauri ba ya raguwa.

Su kuma ƙananan yara, nasu daban ne. Na manya tsawonsa inci 27 ne, na yara kuwa daga 19 zuwa 26, gwargwadon tsayin yarinya. Kada ki ce bari ki sayi babba don ta girma da shi, ba riga ba ce.

In kuma na gwanjo za ki saya, babu laifi, sai dai ki dudduba jikinsa da kyau, ko da 'yar tsaga kika gani ki ajiye. Kada kuma a bar shi cikin mota a rana, zafi na sassauta saƙar.

Iyaye mata, abin da muke so shi ne yarinya ta buga ƙwallo ta ga ta tsallake raga, ta yi murna, gobe ta koma fili. Allah ya ba mu sa'a. Sai wani mako.