Ci-ranin Ƙwallo: Yadda Ostareliya Ke Kwashe Samarin Ailan

Duk mutumin da ya taɓa hawa bayan motar shanu daga kasuwar Mubi ya nufo Ikko ko Fatakwal neman abin kansa, ba zai sha wuyar gane rigimar da ake yi a ƙasar Ailan ba. Rigimar kuwa a kan samari ce 'yan ƙwallo, waɗanda ke barin wasan gargajiyar ƙasarsu su tafi Ostareliya su koyi wani wasa dabam, don can ana biyan albashi, gida kuwa ba a biya.

Mutanen Ailan suna da irin tasu ƙwallon da suke kira Gelik. Mutum 15 ke bugawa kowane gefe, da hannu da ƙafa. Ƙungiyar da ke kula da wasan, watau GAA, an kafa ta tun 1884, kuma har yau dokarta ita ce ɗan wasa ba ya cin albashi, sai ɗan kuɗin mota da wani ɗan tallafi. Ba a kuma cinikin 'yan wasa. Yaro ƙauyensu yake yi wa wasa, in ya yi fice ya yi wa lardinsu. Ran wasan ƙarshe mutum sama da 80,000 ke cika filin Croke Park a birnin Dublin, amma waɗanda aka zo kallo malaman makaranta ne da manoma da ma'aikatan banki, in an kwana biyu kowa ya koma bakin aikinsa.

A Ostareliya kuwa ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ce, mutum 18 kowane gefe, kuma an yarda a rungumi mutum a kayar da shi. Sana'a ce sosai. A 2023 matsakaicin abin da ɗan wasa ke samu a babbar gasarsu ta AFL ya haura dalar Ostareliya 400,000 a shekara, ko da yake sabon shiga bai kusa da haka ba. To, da yake wasannin biyu sun yi kama wajen tsalle a cafe ƙwallo da kuma bugu mai nisa, sai kulob ɗin Melbourne ya ga ai ga ƙwararru can a ɓagas. Tun 1982 ya fara aika mutane Ailan neman yara.

Wanda ya fara shahara shi ne Jim Stynes, mutumin Dublin, wanda ya ga talla a jarida a 1984 ya tafi yana ɗan shekara 18. A 1991 aka ba shi lambar gwarzon gasar duka, ya kuma buga wasa 244 a jere bai yi fashin ko ɗaya ba. Da ciwon daji ya kashe shi a 2012, hukumar jihar Victoria ce ta yi masa jana'izar girmamawa.

Amma labarin da ya fi kama da na mutanenmu shi ne na Tadhg Kennelly, ɗan garin Listowel a lardin Kerry. Ubansa Tim ya ci kofin Ailan sau 5 tare da Kerry, saboda haka kowa a garin ya ɗauka ɗan zai gaji uban. Sai ga shi a 1999 ya tattara ya tafi kulob ɗin Sydney. A 2005 suka ci kofin Ostareliya, wanda rabon kulob ɗin da shi shekara 72, shi ne kuma ɗan Ailan na farko da ya samu wannan. Murna ba ta daɗe ba, don cikin watan Disamba na shekarar uban ya rasu. A 2009 Kennelly ya ajiye albashinsa ya komo gida, ya sa rigar Kerry, suka doke Cork a wasan ƙarshe, ya samu irin lambar da ubansa ya samu. Da buƙata ta biya sai ya sake komawa Sydney.

A nan ne fa zance ya juya. Bayan ya bar wasa a 2011, hukumar AFL ta ɗauke shi aikin nemo mata yara a ƙasashen waje, ya riƙa shirya gwaji a Dublin ana auna gudunsu da tsallensu. Mutanen Kerry da suka yi masa guɗa jiya, su ne suka koma yi masa tsiya, musamman da aka ɗauke musu Mark O'Connor zuwa Geelong a 2016. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mazauna Sabo a Badun ko Agege sun san irin wannan: wanda ya riga zuwa ya kafu, shi ke aikawa gida a turo masa ƙanne, in damina ta zo aka rasa masu noma kuma shi tsofaffi ke zagi.

Kukan mutanen Ailan yana da hujja. Malaman wasa na ƙauye ne ke ɗaukar yaro tun yana ƙarami su koya masa a kyauta, shekara goma ko fi, sa'an nan baƙo ya zo ya ɗauke shi ba tare da ya ba kulob ɗin ƙauyen ko anini ba, tun da dokar GAA ba ta san ciniki ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Lardin Mayo, wanda rabonsa da kofin ƙasa tun 1951, ya ga haka a kan Oisín Mullin, wanda aka zaɓa gwarzon matasa a 2020 da 2021. Ya amince zai tafi Geelong, ya fasa, jama'a suka yi ajiyar zuciya, a ƙarshen 2022 kuma ya tafi. Wajen mata abin ya fi yawa ma, don a 2024 'yan Ailan da ke gasar mata ta Ostareliya sun haura 30.

Sai dai masu kukan ba su da abin da za su ce wa yaron. Wanda ya ƙi biyan lebura ba shi da bakin hana shi zuwa gonar da ake biya. GAA tana karɓar kuɗin ƙofa da na talabijin masu yawa, kuma gaskiya ne tana mayar da akasarinsu ga filaye da kulob-kulob, amma saurayi mai shekara 19 ƙarfinsa ne jarinsa, ƙarfin kuwa ba ya jira.

Abin da ya kamata mutanenmu su lura da shi, shi ne sharuɗɗan tafiyar. Kulob ɗin Ostareliya ne ke biyan kuɗin jirgi da masauki, ya rubuta yarjejeniya, galibi ta shekara 2. Iyaye ba sa biyan komai. Da yawa daga cikin masu tafiyar ba sa kai labari, amma in sun komo gurbinsu na nan. Ciarán Kilkenny bai yi ko shekara a Hawthorn ba ya komo a farkon 2013, yana kuma cikin 'yan Dublin da suka ci kofi sau 6 a jere daga 2015 zuwa 2020. Conor McKenna ya bar Essendon a 2020 saboda begen gida, ya ci kofi da Tyrone a 2021, ya sake komawa ya ci na Ostareliya da Brisbane a 2024.

Nijeriya ma ta ga irin wannan sauyi. Hakeem Olajuwon mai tsaron gida ne kuma ɗan ƙwallon hannu a Ikko, a wata gasar makarantu a Sakkwato cikin ƙarshen shekarun 1970 aka jarraba shi a ƙwallon kwando, ya zo ya ci kofin Amurka da Houston a 1994 da 1995. Christian Okoye na Inugu mai jifan faifai ne, ya koma ƙwallon Amurka bayan an bar shi a baya a wasannin Olamfik na 1984. Su biyun ta hanyar makaranta suka fita.

A Arewa akwai ƙarfafa a fagen dambe da kokawa, daga Sakkwato har ƙasar Gude a kan iyakar Kamaru, amma hanyar makarantar ce ta yi ƙaranci, masu neman 'yan wasa na gaskiya kuma sun fi tsayawa a Kudu. Wanda ya fi isa wurin iyaye shi ne dillalin da ke cewa a sayar da gona ko bijimi a ba shi kuɗin biza, zai kai yaro gwaji Turai. Sau da yawa kuma ɗan'uwan da ke ci-rani a Ikko ake bugo wa waya ya cika ragowar kuɗin, alhali ba takardar kulob, ba tikitin komowa.