Karatun Aikin Jin Daɗin Jama'a: Ina 'Yan Matanmu Suke?

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata doka wadda ta shafe mu ƙwarai da gaske, amma na lura ko a ɗakin malamai ba a cika ta da zancenta ba.

A watan Disamba na 2022 ne Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar kafa Majalisar Kula da Aikin Jin Daɗin Jama'a ta Nijeriya. Aikin wannan majalisa shi ne ta tsara irin ilmin da ya kamata mutum ya samu kafin a kira shi ma'aikacin jin daɗin jama'a, ta yi wa waɗanda suka cancanta rajista, ta kuma sa ido a kan yadda suke aikinsu. Watau dai kamar yadda ake yi wa likitoci da nas-nas tun da daɗewa. Dokar ta sha wuya kafin ta fito. A farkon 2018 an kai wa Shugaban shirinta ya ƙi sa hannu, ya ce ba a fayyace iyakar aikin ba, alhali kuwa ana so a hana wanda ba shi cikin rajista yin sa. Ni a ganina yana da hujja a lokacin. Ku duba unguwarku. Goggon da ke sulhunta mata da miji, da mai unguwar da ake kai wa yaron da ya ɓace, da maƙwabciyar da ta ɗauki marainiya ta haɗa da nata 'ya'yan, duk taimakon jama'a suke yi, kuma ba mai iya hana su.

To, in haka ne, me ya kawo zuwa jami'a? Bari in ba ku labarin abin da ya same ni.

Akwai wata yarinya a ajina, ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, mai ƙoƙari ce wajen lissafi. Sai ta fara fashi, in ta zo kuma sai barci. Ran nan na ga shatar bulala a bayanta. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ashe mahaifiyarta ta fita, ita kuma an bar ta wurin matar uba, tana talla tun hantsi har bayan isha'i. Na ɗauki mayafina na je gidan da kaina, ina ganin alheri zan yi. Wallahi sai na ɓata lamarin. Na yi magana da zafi a gaban kishiyoyi, maigidan ya ji kunya ya fusata, ya cire ta daga makarantar ɗungum. Daga baya na kai maganar wani ofishin hukuma, na tarar jami'i ɗaya ne, namiji, ga takardu jibge a gabansa. Da aka kawo yarinyar ko uffan ba ta ce masa ba. Ina za ta iya buɗe bayanta ga namijin da ba ta sani ba?

Tausayi ina da shi, hanyar aikin ce ban sani ba. Ita ce kuwa ake koyarwa a wannan kwas. Ana karanta halayyar ɗan Adam tun daga yarinta har tsufa, da ilmin zaman jama'a, da dokokin da suka shafi iyali da yara. Ana koya wa ɗaliba yadda za ta zauna da mutum ɗaya ta saurare shi ba tare da ta yanke masa hukunci ba, da yadda za ta yi aiki da rukunin mutane, misali matan da suka haɗu a kan lalura iri ɗaya, da kuma yadda za ta shiga gari ta bi ta hannun masu garin. Akwai rubuta rahoto, wanda wani lokaci alƙali ne zai karanta shi kafin ya yanke wa zai riƙe yaro. Akwai kuma ɗan lissafi na ƙididdiga, saboda haka masu gudun lissafi kada ku ce ban gaya muku ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a aji kaɗai ake ƙarewa ba. Dole a tura ɗaliba koyon aiki a asibiti, ko gidan marayu, ko gidan horon yara masu laifi, ko ofishin jin daɗin jama'a, a ƙarƙashin wani gogagge wanda zai riƙa duba abin da ta rubuta yana gyara mata. A nan ne za ta gane ko zuciyarta za ta ɗauka. A nan kuma za ta koyi babban sharaɗin aikin, watau riƙe sirri. 'Yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan yana yi mana wuya. Wadda ta saba in ta ji abu da safe, kafin azahar an ji shi a gidan biki, to, ta nemi wata sana'ar.

Wannan karatu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970 ya bar marayu da naƙasassu da gwauraye barjat, gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar raya jin daɗin jama'a a 1974. Ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1975, Jami'ar Nsukka kuma ta soma koyar da aikin a 1976. Yau ana yin digirinsa a jami'o'i kamar su Nsukka da Benin da Kalaba da Ilori, Jami'ar Ibadan tana ba da babban digiri, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma tana da sashen da ke ba da difloma a fannin raya jama'a. Kun dai ji sunayen garuruwan. Yawancinsu Kudu ne, 'yan'uwanmu na can sun riga mu nisa.

Alhali kuwa aikin yana nan jibge a ƙofar gidanmu. Ku tuna watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. 'Yan sanda sun gama nasu a yini ɗaya. Amma wa zai zauna da kowane yaro, ya gano iyayensa, ya bincika ko gidan da za a mai da shi ba shi ne ya kai shi can ba tun farko? Haka aka sake gani a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci suna mai da su jihohinsu. Ga matan da ke sansanonin gudun hijira a Barno da Yobe da Adamawa. Ga masu yoyon fitsari da ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Murtala na Kano. Likita zai ɗinke ciwon, amma mace da yawa mijinta ya riga ya sake ta, tana bukatar wadda za ta shirya komawarta cikin dangi, ta sama mata sana'a. Ga kuma shaye-shayen maganin tari da ya shiga har cikin ɗakunan matan aure, wanda ya sa gwamnati ta hana sayar da mai kodin a cikinsa a 2018.

Dokoki kam ba mu rasa su ba. Akwai ta haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Kano ta yi irin tata a 2023, akwai ta hana cin zarafin mutane ta 2015, da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci wadda aka sa wa hannu a 2019. Amma doka takarda ce, ba ta da ƙafar shiga gida. A garuruwanmu kuma, inda aka rubuta ba a shiga a bakin zaure, mace ce kaɗai za ta wuce har ɗaki, kuma sai mai jin harshen matar gidan, wadda ta san abin da ake nufi in mace ta ce "ba komai" tana share hawaye.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Albashin ba mai yawa ba ne, kuma samun digiri ba shi ne samun aiki ba, don gwamnatocin jihohi ba su cika ɗaukan irin waɗannan ma'aikata da yawa ba. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje sun fi biya, amma aikinsu na ƙwantiragi ne, in kuɗin ya yanke sai a sallami mutum. Za a zage ki a wasu gidajen, a ce ke ce mai raba aure. Wata rana za ki koma gida abinci ya ƙi ciwuwa saboda abin da kika gani. Sa'an nan ita kanta dokar 2022 tana da wani haɗari gare mu: in aka tsananta neman takardar shaida alhali matanmu ba su da ita, to, kujerun za su cika da waɗanda sai an yi musu tafinta. Wannan ne ya sa na ɗauko zancen tun yanzu.

Ke 'yar makaranta da ke sakandare, ki nemi kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki, ki zauna jarrabawar JAMB a darussan zaman jama'a. Karatun shekara huɗu ne. Ki duba littafin JAMB na shekarar da za ki nema, domin kowace jami'a da irin darussan da take so. Ke kuma uwargida mai takardar NCE ko difloma, akwai hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu, shekara uku ke nan, sai dai ki fara tambayar jami'ar ko tana karɓar irin takardarki. Kafin ki kai wa maigida maganar, ki shirya amsar abin da na san zai tambaya: wa zai kula da yara a watannin koyon aiki, kuma ina za a tura ki? Ki je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku ko na babban asibitin garinku, ki roƙi ma'aikaciyar wurin ta ba ki rabin sa'a, ki ji daga bakinta. In da hali ma ku je tare da shi.

Wadda ta yi wannan karatu ko take cikinsa, don Allah ta rubuto mana yadda ta same shi, za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.