DAGA ƘETARE: Shekara 25 rabon sa da mahaifiyar sa

Masu kallon finafinan Indiya sun saba da labarin yaro ya ɓace, ya girma a hannun wasu, kamar a 'Amar Akbar Anthony' na 1977. To, na Saroo Brierley dai ba ƙage ba ne.

A 1986, yana ɗan shekara 5, barci ya kwashe shi cikin jirgin ƙasa, sai ga shi a Kalkata. Ko sunan garin su bai iya faɗa daidai ba, balle a yi zancen takardar haihuwa. A 1987 wasu ma'aurata 'yan Ostireliya suka ɗauke shi riƙo.

Da ya girma, ya duƙufa bin layin dogo a Google Earth, yana laluben tankin ruwan da ya tuna a wata tasha. A 2012 ya dira Khandwa. Ashe mahaifiyar ta ƙi barin unguwar, tana jiran sa! Sai dai yayan sa Guddu ya rasu tuntuni, jirgi ya buge shi.

Dev Patel ne ya fito a matsayin Saroo a fim ɗin 'Lion' na 2016. Furodusoshi, ga labari fa, ba kullum rawa da waƙa ba!